Kalmar “Provocative”: Tsokana Ce ko Zaburarwa?

Ya ku ’yan’uwa ɗalibai da matasan ma’aikata, akwai wata kalmar Ingilishi da ta zauna a bakinmu har mun daina bin asalinta, wato “provocative”. Siffa ce da ake laƙaba wa magana ko aiki ko sutura in suka motsa mutum ya mai da martani. In malamin jami’a ya rubuta ta a gefen takardar ɗalibi, yabo ne, don ɗalibin ya kawo batun da ya zaburar da tunani. In kuwa babban jami’i ya rubuta ta a kan takardar koke, to an gama da takardar, sai ta kwanta cikin fayil.

Bahaushe bai haɗa waɗannan ma’anoni wuri guda ba. Yana da tsokana da takala da tunzurawa, yana kuma da zaburarwa, kowacce da muhallinta. Bature ya zuba su duka a buhu ɗaya, mai iko kuwa yakan ciro wadda ta yi masa daɗi. Asalin kalmar daga Latinanci ne, “provocare”, wato a kira mutum ya fito. A tsohuwar Rum, “provocatio” haƙƙi ne na ɗan ƙasa ya ɗaukaka ƙara gaban jama’a in mai mulki ya yanke masa hukunci mai tsanani. Ashe tun fil azal kalmar tana da dangantaka da mai neman a saurare shi.

Mu duba ƙasar Garun Mallam. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke gangarowa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, ana noman rani na alkama da shinkafa da tumatir. Ruwan nan rabo ake yi, kuma wanda gonarsa ke ƙarshen magudana shi ke shan wahala in yashi da ciyawa suka toshe hanya. In irin wannan manomi ya miƙe a taro ya ce, “Ranka ya daɗe, mun biya kuɗin ruwa, yaushe za a yashe magudanar?”, me akawu zai rubuta? In ya rubuta cewa manomin ya yi magana “provocative”, wanda zai karanta rahoton a Kano zai ɗauka fitina aka tayar, alhali kuwa mai ɗaki ne ya nuna inda yake masa yoyo.

Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. A Bakolori, cikin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, manoman da aikin madatsar ruwa ya ci gonakinsu sun daɗe suna neman diyya kafin su tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura musu ’yan sandan kwantar da tarzoma, rayuka da dama suka salwanta. Koken da ba a amsa ba ba ya mutuwa, girma yake yi.

Ba a musun cewa akwai tsokana ta gaskiya. Wanda ya tashi da dare ya datse ruwan maƙwabcinsa, ko ya zagi dagaci a bainar jama’a don a yi rigima, takala ya yi. Amma rarrabewa ba ta da wuya. Maganar da za a iya amsa ta da rana ko da lissafi ko da takarda, tambaya ce, ko da an yi ta da zafi. Wadda ba ta neman kome sai ɓacin ran wani, ita ce tsokana.

Mu ne masu rubuta rahotannin gobe, mu ne tafintoci tsakanin gona da ofis. Saboda haka kafin alƙalaminka ya rubuta kalmar nan a kan wani, fassara ta da Hausa tukuna. In ba za ka iya duban idon manomin ka ce masa “tsokana kake yi” ba, to rubuta abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗe shi, ka bar na sama su ba shi amsa.