Intanet Daga Sama, Farashi Ma a Sama

'Yan'uwa ɗalibai, tafin ya isa haka nan. An ce tun Janairun 2023 Starlink ya iso Nijeriya, daga tauraron ɗan'adam kai tsaye, ba waya ba turke, ko a tsakiyar daji sai ka kama intanet. To, madalla. Amma wa zai kama? A 2024 faifan da ake kafawa kaɗai ya haura naira 400,000, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Ban da kuɗin wata, ban da wutar da za a jona shi. Ni da na je hutu ƙauyenmu, sai da na hau tudun bayan gari kafin wayata ta aika aikin da malam ya ba mu. Masu cewa an kai wa karkara ci gaba, su zo su faɗa wa mahaifina buhun gero nawa zai sayar.