Batsa Ba Ita Ce Gishirin Labari Ba

Maganata yau da masu rubuta littattafan da ke yawo a wayoyin matanmu da 'ya'yanmu ce. In ka yi musu magana sai su ce wai in babu batsa ba a karantawa. Wallahi ƙarya ne, lalaci ne kawai. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai kaya mai kyau ba ya buƙatar algus.

Ku ɗauki Suratu Yusuf, ayoyi 111. An fara da mafarkin yaro, ba a warware shi ba sai can ƙarshe, mai sauraro yana ta jira. Riga ta fito sau uku: ta zo da jinin ƙarya, an yage ta ta baya, an jefa ta a fuskar uba ya samu gani. Kowace fitowa sai ta juya labarin. Har maganar matar Azizu an kawo, kowa ya gane abin da ya faru, amma uba zai karanta gaban 'yarsa ba kunya.

Ku dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Aku yana ba Musa labari don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon Waziri. Ashe kowane labari da rai a bayansa, shi ya sa ba a iya ajiyewa.

To ga abin da za ku koya. Ku ba mutuminku abin da yake so ƙwarai, ku sa masa shinge, ya zama in ya rasa ya yi asara ta gaske. Kada ku ɓata shafi 5 kuna lissafa mota da leshi. Kowa ya yi magana da bakinsa: dillalin shanu ba ya magana irin ta amarya. Abin da kuka shuka a farko ku girbe shi a ƙarshe.

Mu malamai ma ba mu tsira ba. Wasunmu sun ce a bar almara gaba ɗaya, wasu kuma in sun rubuta, huɗuba ce aka sa wa sunan Binta. Yaro zai rufe a shafi na biyu.

Abin da ke damuna shi ne, yaranmu a nan Ibadan Yarbanci da Turancin buroka sun fi musu sauƙi a baki. In littafin Hausa ɗaya da za su karanta ƙazami ne ko mai sa barci, mun yi asarar harshen da tarbiyyar tare. Kuma ga labarai a ƙofar gida: fataken goro, mai canji da aka ci amanarsa, yarinyar da aka kai aure Kano ba ta taɓa ganin Arewa ba. Wa zai rubuta mana su? Allah Ya sa mu gyara.