Shafin Kawu da Tafarnuwar Wurno

Makon nan ba labarin soyayya na zo da shi ba, maganar tafarnuwa ce.

Kawuna fataken tafarnuwa ne a Wurno. Bara ya biya wani yaro a Sakkwato ya gina masa shafin intanet, don masu saye daga Legas da Ƙonni su same shi kai tsaye. Ranar da na gwada shi a wayata, har na shanye shayina bai gama buɗewa ba. Da ya buɗe sai ga Bature cikin kwat yana murmushi, da dogon Turanci a kan "manufofinmu". Ko buhu ɗaya babu. Lambar waya kuwa tana can ƙasa, kamar ana ɓoye ta. Wata shida, ba wanda ya kira.

A ganina wannan ba ciwon kwamfuta ba ne, ciwon rubutu ne, kuma mu ke da maganinsa. Kullum muna kukan rubutu ba ya ciyar da mai shi, alhali ga aiki a ƙofar gida.

Ɗan kasuwar Mile 12 ba karatu ya zo yi ba. So yake ya san ko kayan sun bushe sosai, nawa buhu, ina zai loda, wa zai kira. Wanda ya iya buɗe gajeren labari da jimla mai kama zuciya zai iya amsa waɗannan a layi biyar. Farashi ya zo da kwanan wata, tunda na lokacin girbi daban, na damina daban. Hoto ya zama na buhunan gaske, mara nauyi, saboda wanda ya san sabis a hanyar Rabah ko Goronyo ya san abin da nake nufi. Maɓallin WhatsApp a sama. Hausa farko, Turanci ya biyo baya.

Wani zai ce ai Facebook ya isa. Ya isa, har ranar da aka rufe maka shi. Amma shafin ma, adireshinsa na .com.ng duk shekara ake sabuntawa, don haka a yi rajistarsa da sunan mai kaya, ba na yaron da ya gina ba.

Na sake rubuta na Kawu cikin jimla tara, ya sallame ni da tafarnuwa kwano biyu. Farashin ne har yau muke gardama a kai. Shi dai ya ce ɗan kasuwa ba ya faɗin kuɗi kafin a gaisa.