Manomin shinkafa ya canza lissafi, mu masu kiwo fa?



Yau da maganar shinkafa zan fara. Ku daure ku karanta har ƙarshe, akwai inda ta taɓa aljihunmu.

Kwanaki na je wajen Auyo a Jigawa sayen buntun shinkafa na shimfiɗar kaji, muka zauna da wani dattijo a bakin gonarsa. Na ce, "Baba, kuna jin labarin sauyin yanayi kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan sunan ku 'yan boko kuka raɗa masa. Ni dai na san ruwa yanzu ba ya cika alkawari. Ya makara, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, sannan ya zubo gaba ɗaya a Agusta da Satumba ya cinye gona."

Wasunmu da muka yi karatu in mun ji manomi ya ce "ikon Allah ne", sai mu ɗauka bai fahimci komai ba. Wallahi kuskure ne. Eh, ikon Allah ne, amma ku duba abin da yake yi bayan ya faɗi hakan.

Tun ambaliyar 2022 da ta shafe gonaki a yankin Haɗeja, dattijon nan ya daina zuba duk jarinsa a damina. Ya raba, kaso mai tsoka ya koma noman rani. Yana shuka FARO 44 mai saurin nuna, a kwari kuma yana neman FARO 66 ko 67, masu jure nutsewa a ruwa har kusan mako biyu. Da aka cire tallafin fetur a 2023, ban ruwa da inji ya yi tsada, sai suka haɗa kuɗi da maƙwabtansa suka sayi famfon sola. Dashen rani ma yana auna shi, don ya san in shinkafa ta fitar da kai cikin tsananin zafi, da yawa fanko take yi.

To mu fa? Ni kaina na taɓa zuba kajin nama a ƙarshen Fabrairu, suka yi nauyi a tsakiyar zafin Afrilu, a ɗaki mai rufin kwano ba silin. Ina ji ina gani suna haki suna faɗuwa. Ba cuta ba ce, rashin lissafi ne. Haka masu tarwaɗa da ke haƙa rami a kwari don ruwa ya yi sauƙi, ruwan dare ɗaya ya kwashe kifin wata biyar ya raba wa gari.

Shawarata ga mai shirin farawa:

Kafin ka sayi 'yan tsaki, ƙirga watan da za su girma. In ya faɗa Maris zuwa Mayu, rage yawansu, ka tanadi iska da ruwa mai sanyi.

Kafin ka haƙa ramin kifi, tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a 2022. Ka ɗaga gefen ramin, ka kewaye da raga.

Kar ka zuba jarinka duka a zubi ɗaya.

Ka riƙa bibiyar hasashen damina da NiMet ke fitarwa a farkon shekara.

Sannan ka tuna, in gonar hatsi ta nutse, kai ma ta shafe ka, don dusa da masara za su hau, abincin kaji ya bi su. Ka sayi abin da za ka iya ajiyewa tun da kaka.

Dattijon nan bai taɓa shiga ajin koyon noma ba, amma a lissafin lokaci ya fi ni, duk da digirina. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu.