Littafin da ya dace da yaro

Ba kowane littafi ne ke koya wa yaro karatu ba. Wani yana da bango mai ƙyalli, amma sau ɗaya ake buɗe shi a ajiye. Wani kuwa har ya tsufa yara suna karɓarsa hannu da hannu.

Littafi mai kyau yana magana da harshen da yaro ke ji. Yaron Maraɗi ko na Tawa ya san gero, rijiya, jaki da ranar kasuwa. In ya ga kalmar "rumbu" a takarda, da haruffa kaɗai zai yi fama, don ma'anar tana kansa tun daga gida. In kuwa aka fara masa da harshen da bai sani ba, aiki biyu ya hau kansa: haɗa baƙi da neman ma'ana. Sai ya haddace bai gane ba, har karatu ya fita ransa. Don magance haka aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci.

Littafi mai kyau yana da labari mai jan hankali. Yaro yana juya shafi ne don ya ga ko dabarar Gizo za ta fishe shi. Abubakar Imam ya san wannan. A cikin Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, aku ne ke ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita daga fada. Labaran da suka riƙe ɗan sarkin su ne suka riƙe masu karatu shekara da shekaru.

Rubutun ma sai an kula da shi. Ƙaramin yaro yana bukatar manyan haruffa, gajerun jimloli da hoton da ya dace da maganar. Kuma kada a manta da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In ta ɓace, "ƙaya" sai ta koma "kaya".

Wasu iyaye suna cewa littafin Hausa ɓata lokaci ne, tunda da Faransanci ake samun aiki. Faransanci yana da amfani ƙwarai. Amma sau ɗaya mutum ke koyon haɗa baƙi. Yaron da ya iya karanta "Dogon Dutsi" ba zai daɗe ba zai gane "Dogondoutchi", da zarar malam ya nuna masa cewa "u" ta Hausa ita ce "ou" ta Faransanci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ji daɗin littafinsa na farko, da kansa zai nemi na biyu.

Tambayoyi
1. Me ya sa "rumbu" ba ta yi wa yaron Maraɗi wuya?
2. Mene ne bambancin "ƙaya" da "kaya"?