Ba latsa maɓalli ne matsalar malamanmu ba

Jiya ƙanwata ta turo min hoto: malaminsu ya jefa PDF mai shafi 80 a guruf ɗin WhatsApp da goman dare, ya rubuta wai wannan ce lakcarsu ta intanet ta makon nan. Na yi dariya, daga baya abin ya tsaya min a rai. Ku zo mu ɗan tattauna.

Gaskiya ban ga laifin malamin sosai ba. Wa ya taɓa koya masa? Yawancin malaman jami'o'inmu digiri na biyu da na uku ne suka kai su gaban allo. Ba wanda ya zaunar da su kan yadda ake koyarwa ma, balle yadda ake raba kwas gida biyu, rabi a aji rabi a waya.

Ku tuna 2020. Korona ta rufe makarantu a watan Maris, gwamnati ta ce a koma karatu ta intanet, ASUU kuma tana yajin aikin da ya kai har Disamba. Mu 'yan jami'ar gwamnati muna gida muna ƙirga silin. Da muka koma, abin da na gani a makarantarmu bita ce ta kwana biyu: a nuna wa malamai inda ake latsawa a Moodle, a raba takardar shaida, a watse.

To latsa maɓalli ai ko ɗan aji ɗaya zai koya wa farfesa cikin minti goma. Mai wuyar shi ne malam ya zauna da kwas ɗinsa ya yanke hukunci: wane sashe ɗalibi zai iya saurara shi kaɗai a ɗakinsa, wanne ne kuma sai an haɗu ido da ido?

Ɗauki ajin GST. Zaure ya cika maƙil, wasu a tagogi, lasifika ta mutu, malam na karanto rubutu na baya ba sa ji. Wannan karatun fa babu dalilin yin sa a aji. A naɗe shi a murya, minti goma-goma, kowa ya saurara sau uku in ya ga dama. Awa biyun da ake haɗuwa a bar su ga tambayoyi, warware abin da ya shige duhu, da muhawara. Malamin da ba a taya shi wannan tsarin ba, aiki biyu zai yi, kuma duka rabi-rabi.

Sai maganar data. Awa ɗaya ta bidiyo kai-tsaye a Zoom na iya lashe kusan giga guda, na kyautar kuma yana yankewa a minti 40. A farkon 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga rashin wuta. Duk horon da bai koya wa malam shirya darasin da zai sauka a waya mai arha da sabis mai sanda ɗaya ba, wallahi ba don mu aka yi shi ba.

Abin da ba a son faɗa: wajen ƙarin girma, maƙalun da malam ya wallafa ne ke da nauyi. Wanda ya kwana yana naɗar darasi da datarsa, me zai nuna wa kwamiti? TETFund na biya wa malamai kuɗin zuwa taruka da ƙaro karatu. A ware wani abu don wannan mana, a rage wa malam nauyin zango ɗaya ya sake gina kwas guda da kyau. Masu koyarwar ma ba sai an ɗauko su daga Turai ba, NOUN da cibiyar karatu daga nesa ta ABU sun daɗe a harkar.

Mu ma ɗalibai da namu, a shiga aji ta waya a kashe makirfo a tafi wanki. Amma wannan zance ne na wata rana.

Ƙanwata dai har yanzu ba ta buɗe PDF ɗin ba, wai datarta ta ƙare. Jarrabawa saura mako uku.