Lantarki Daga Zafi: Mu Koya Wa Yara Asalinsa

Jama'a, kowace safiya a kan hura murhu a gidaje dubbai, abinci ya nuna, ragowar zafin kuwa ya bi iska. Masana sun daɗe da sanin hanyar mai da irin wannan zafi wutar lantarki. A shekarar 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano cewa in an haɗa ƙarfe iri biyu, aka ɗumama mahaɗa guda, aka bar ɗayar da sanyi, sai lantarki ya samu. Da wannan dabara aka ƙera fitilar kananzir mai kunna rediyo a ƙauyukan Rasha cikin shekarun 1950.

Na'urorin da masu tauri ne kamar tangaran, ba su kwanciya a jikin abu mai lanƙwasa. Yanzu kuwa masu bincike na shimfiɗa sinadarin a kan leda, ko su saƙa shi cikin zare, har ya naɗu a bututun hayaƙi ko a damtsen mutum.

To, amma kada mu ruɗu. Kamar yadda ruwa ba ya gudu sai da gangare, haka wannan na'ura ba ta aiki sai gefe guda ya fi ɗaya zafi. A bazararmu iska kan kai zafin fatar mutum, har ta wuce, watau gangaren ya baje ke nan. Ko a inda bambancin ya ke da yawa, abin da ke zama lantarki bai cika kai kashi 10 cikin 100 na zafin ba. Na damtse agogo zai iya juyawa, ba zai haskaka ɗaki ba. A ganinmu murhu da tanderun burodi su ne inda za ta amfane mu.

Saboda haka mu ke roƙon malaman makaranta su koyar da asalin abin. Wayar tagulla, da ta baƙin ƙarfe, da kyandir, da ma'aunin lantarki mai allura sun isa. Yaron da ya ga allura ta motsa da idonsa, ɗan kasuwa ba ya cutarsa da daɗin baki ran da kayan nan suka iso. Lalle sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Allah ya sa mu dace, amin.